Mu da Muka Tashi a Bayan Ganuwa: Ina Dajin da Muke Ba 'Ya'yanmu Labari?

Ɗan Hayin Dogo ya rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman izinin dattawan wannan zaure in kawo wata magana da ta tsaya mini a rai tun makon jiya. Na ɗauki autana, wanda aka haifa a Kaduna kuma bai taɓa kwana a Zariya ba, na kai shi unguwarmu ta Hayin Dogo a Samaru domin ya ga gidan da aka yanke mini cibiya. Da muka isa layinmu sai na tsaya ina neman bishiyar mangwaron da ake kwatancen gidanmu da ita, ban ga ko kututturenta ba. Filin bayan gida kuwa, inda mahaifinmu yake shuka dawa da kuɓewa, ya zama ɗakunan haya na ɗalibai, jere biyu suna fuskantar juna. Yaron ya dube ni ya ce, "Baba, ina dajin da kake ba mu labari?" Na rasa inda zan nuna masa da yatsa.

An haife ni a 1970, na shiga aji ɗaya a 1976, shekarar da aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, kuma saboda yawanmu wasunmu a ƙarƙashin bishiya muka fara koyon baƙi da wasali. Mahaifina ƙaramin ma'aikaci ne a gonakin gwaji na Cibiyar Binciken Aikin Gona, wadda mu dai Agirik muka san ta. Wannan wuri ya girmi jami'a nesa ba kusa ba, domin tun 1922 Turawa suka kafa tashar gwajin noma a Samaru, ita kuwa Jami'ar Ahmadu Bello sai a watan Oktoba na 1962 aka buɗe ta. Har yau idan na ga buhun irin masara an rubuta masa SAMMAZ, ko na dawa SAMSORG, ko na wake SAMPEA, nakan tuna cewa farkon sunan nan Samaru ne, kuma hannun mahaifina yana cikin hannuwan da suka tsuguna suka ƙirga zangarniya ɗaya bayan ɗaya kafin irin ya kai ga manomi.

Rayuwarmu tsakanin abubuwa biyu take. Idan ka fita ta ƙofar gida ka tsallaka titin Sakkwato, ga jami'a, ga malamai daga Indiya da Ingila da Gana suna zuwa kasuwar Samaru sayen tumatir da albasa. Idan ka fita ta bayan gida kuwa, gonaki ne da fadama har iyakar ganinka, mu bi hanyar ƙafa mu nufi Bomo muna tsinkar ɗinya da kanya da magarya, mu ɗana wa kurciya tarko, mu dawo da ƙaya a tafin ƙafa. A layinmu akwai Bakatsine da Banufe da Bayarabe da mutumin Kagoro da ɗan ƙabilar Tibi, kuma 'ya'yansu duka da Hausa muke langa, da Hausa muke faɗa, da Hausa iyayenmu mata suke raba mu. Zuwa cikin gari kuwa tafiya ce ta musamman da ake yi mata wanka da sabon kaya: a hau bas, a wuce makarantar koyon tuƙin jirgin sama, a wuce Palladan da Kwangila, kuma tsakanin kowace unguwa da 'yar uwarta akwai fili da itatuwa, har a sauka unguwar kantuna ta PZ. Yanzu daga Samaru zuwa PZ gini ne ya kama hannun gini.

Abin da nake tambaya shi ne, ku da kuka tashi a Tudun Wada da Sabon Gari da Wusasa da sauran unguwannin bayan ganuwa, haka abin yake a wurinku? Kuma me muka rasa a gaskiya, itatuwan ne ko wani abu daban?

Dattijo na Ƙofar Doka ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malam. Maganarka ta taɓa ni, ko da yake ni a cikin birni na tashi, kuma na ba ka aƙalla shekara goma sha biyar. A zamanin ƙuruciyarmu idan aka ce wane ya koma Samaru, tsofaffinmu sukan yi masa addu'a kamar wanda zai bar ƙasa. Mu abin da muke kira gari shi ne abin da ganuwa ta kewaye, daga Ƙofar Doka zuwa Ƙofar Gayan, daga Ƙofar Kuyambana zuwa Ƙofar Kona, duk abin da ya wuce nan waje ne.

Wannan rabuwa ba haka kawai ta faɗo ba. Bayan jirgin ƙasa ya iso Zariya a 1911, Turawan mulki suka tsara zama gida-gida: birni na Zazzagawa, Sabon Gari na ma'aikata da 'yan kasuwar da suka zo daga Kudu, Tudun Wada na baƙin da suka zo daga sauran ƙasashen Arewa, su kuma suka keɓe wa kansu unguwar Turawa. Saboda haka duk wanda ya tashi a bayan ganuwa, ya tashi ne a wurin da aka zana domin baƙo.

Inda zan saɓa da kai shi ne, kun sami fili da walwala, amma ina ganin ba ku sami zaure ba. Mu yaro ba ya wuce ƙofar gida uku ba a tambaye shi ɗan gidan wa ne ba, kuma idan ya faɗi sunan gidan, an san kakansa da sana'ar gidansu, ko rini ne ko ɗinkin riga ko malanta. Bayan Asuba ana karatu a zaure, bayan Magariba ana karatu a zaure, kuma yaro yakan koyi yadda ake durƙusa wa babba tun kafin ya iya ɗaura wando. Ranar Sallah kuwa ba sai mun hau mota ba, muna tsaye a ƙofar gidajenmu hawan Sarki Muhammadu Aminu yake wucewa, daga baya kuma na Sarki Shehu Idris, wanda ya hau gadon sarauta a 1975 ya riƙe ta har Allah ya karɓi ransa a 2020. Ba ina rage darajar Samaru ba ne, ina dai cewa dajin da kake kuka a kansa ba shi ne ya yi maka tarbiyya ba.

Hajiya 'yar Tudun Wada ta rubuta:

Baba na Ƙofar Doka, ina gaisuwa, kuma da girmamawa zan ce ba daidai ba ne a ce ba mu san zaure ba. Kakana daga ƙasar Katsina ya zo neman karatu, ya zauna a Tudun Wada, kuma zauren gidanmu bai taɓa rabuwa da almajirai ba har ya rasu. Bambancin kawai shi ne, a wurinku ana tambayar yaro gidan wa ya fito, mu kuwa ana tambayarsa daga wane gari iyayensa suka zo, sannan a riƙe shi kamar ɗan gida. Mu muna tsakiya ne, birni a gefe guda, Sabon Gari a hayin kogin Kubanni. Muna da kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945, inda aka riƙa buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, muna da babban asibiti kafin a mayar da asibitin koyarwa Shika a 2005, kuma ga harabar jami'a ta Kongo kusa da mu. Mahaifina yakan sa yayana ya karanta masa jarida da ƙarfi a tsakar gida, mu mata muna tsince shinkafa muna saurare, kuma ta nan na fara jin sunayen garuruwan da ban taɓa gani ba.

Amma ga abin da ya sa na shigo wannan magana. Yaya na Hayin Dogo, kai ka tuna ɗinya da tarkon kurciya, domin kai namiji ne. Ka tambayi ƙannenka mata abin da suka tuna. Ni abin da na fi tunawa shi ne ruwa. Idan rani ya tsananta rijiyar gidanmu takan koma laka, famfo kuma yakan yi kwanaki bai ɗiga ba, sai a tashe mu kafin kiran Assalatu mu jera bokitai da tuluna a inda aka ji labarin ruwa ya zo. Wanda yake da hali ya sayi na 'yan garuwa, wanda ba shi da shi 'yarsa ce garuwarsa. Na sha zuwa makaranta wuyana yana ciwo saboda gammo, na dawo kuma in ɗauki tallan ƙosai ko dafaffiyar gyaɗa kafin a tafi makarantar allo. Itacen girki ma daga wannan dajin naku ake ɗauko shi, kuma ba a kan maza ake ɗora shi ba.

Ban ce babu daɗi ba. Idan wata ya yi haske mukan taru a dandali mu yi gaɗa har a fito a kore mu, ranar goma ga azumi mu fara tashe gida-gida, kuma duk gidan da aka yi haihuwa a layinmu, tuwon ranar suna daga tukwane goma yake fitowa. Sai dai idan za a ba yara labari, a ba su shi da nauyinsa.

Ɗan Reluwe na Muciya ya rubuta:

Hajiya ta faɗi gaskiya, kuma ni ma na tuna yayyena mata da bokitai. Mu a Sabon Gari ba mu da daji sosai, namu dajin shi ne layin dogo. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, kuma da kukan jirgi muke sanin lokaci, har mahaifiyarmu takan ce a sauke tukunya jirgin Kano ya shigo. Mukan ɗora kwabo a kan dogo jirgi ya bi ta kansa ya baje, abin da in aka kama mu muke shan bulala a kansa, kuma yau da na girma na san bulalar tana kan daidai. Tsofaffin ma'aikata sukan ba mu labarin ƙaramin jirgin da yake tashi daga Zariya zuwa Jos, wanda aka daina aiki da shi a 1957.

Abin da nake so in ƙara shi ne, unguwanninmu aiki ne ya haife su. Tashar jirgi, kamfanin taba, gidan gurzar auduga, barikin horar da sojoji, su suka tara mutane. Da asuba za ka ga kekuna jere suna tafiya wurin aiki, ƙarshen wata kuma kasuwar Sabon Gari ta cika. Maƙwabcinmu Bayarabe ne, na bayansa Ibo, kuma kafin in gama firamare ina iya gaisuwa da ciniki da harsuna uku ban da Hausa. Da aikin jirgi ya ja baya, sai iyalai da yawa suka kwashe, waɗanda suka maye gurbinsu kuma haya ce ta kawo su, yau suna nan gobe sun tashi. A ganina wannan ya fi sare itatuwa yi wa unguwa illa.

Malama daga Wusasa ta rubuta:

Ina gaida iyaye da yayye. Ni Bahaushiya ce Kirista, a Wusasa aka haife ni, a gindin dutsen Kufena. Majami'armu ta Bartalamawus mai tsarki da ƙasa aka gina ta a 1929, da fasalin ginin Hausa, kuma da Hausa muke waƙa da addu'a a cikinta. A unguwar nan Janar Yakubu Gowon ya yi ƙuruciyarsa. Na kawo wannan ne domin Baba na Ƙofar Doka ya ce bayan ganuwa wurin baƙi ne, alhali kakannin wasunmu daga cikin birni suka fito, ba daga wata ƙasa ba.

Mu dutsen shi ne filin wasanmu. Mukan hau shi da rana tsaka duwatsu suna ƙona mana ƙafa, mu tsaya a sama mu hango rimayen birni tsaye kamar dogarai, mu hango hayaƙin masu dafa mazarƙwaila a lokacin rake. Ranar Babbar Sallah naman layya yakan shigo gidanmu daga gidaje huɗu ko biyar, ranar Kirsimeti kuma ni ake ɗora wa tiren shinkafa in kai wa waɗannan gidajen. Dutsen yana nan bai motsa ba, amma da na hau shi bara tare da 'ya'yan ƙanwata, rufin kwano na gani ta kowace fuska har zuwa Ɗanmagaji, rimayen kuma sai ka ƙirga su da yatsu.

Matashi daga Dogarawa ya rubuta:

Iyayena, ina neman afuwa idan na shiga maganar manya, amma ina ganin ya kamata a ji daga bakin waɗanda suka zauna a kan gonakin da kuke magana. An haife ni a 1999. Mahaifina malamin makaranta ne, ya shekara goma sha biyu yana biyan haya a ɗaki biyu a Sabon Gari, yana tara kuɗi ta hanyar adashi, har ya sayi fili a Dogarawa a lokacin da kunyoyin gona ba su gama bajewa a wurin ba. Ya fara da ɗaki ɗaya da falo, muka tare babu filasta babu silin, kuma na tuna ranar da aka kafa mana ƙofar ƙarfe mahaifiyata ta yi kuka don murna. A wurinku wannan gida yana cikin ginin da ya cinye daji, a wurinmu kuwa shi ne ranar da muka daina jin tsoron ƙarshen wata.

Ni ma ina da ƙuruciyar da nake tunawa. Mun yi ɓuya a kangwayen da masu su ba su gama ginawa ba, mun buga ƙwallo a filin da ba a san mai shi ba, har wata safiya muka tarar an sauke yashi da bulo a tsakiyarsa, muka koma wani filin, shi ma bayan shekara biyu aka kewaye shi. Sau huɗu muna sauya fili kafin in gama sakandare. Makiyaya suna ratsa layinmu da shanu, kuma da damina akwai masara a duk fulotin da ba a gina ba. Saboda haka ina ganin bayan gari bai mutu ba, matsawa yake yi, yau yana wajen Shika da Basawa da bayan Bomo, kuma yaran da suke can yanzu za su zo su yi irin wannan kuka nan da shekara talatin.

Tambayar da nake so in yi cikin ladabi ita ce, waɗannan gonaki wa ya sayar da su? Mahaifina dai ba ƙwace ya yi ba, da shaidu da takardar mai unguwa ya saya, daga hannun magada.

Ɗan Hayin Dogo ya sake rubutawa:

Ɗana na Dogarawa, ka yi tambayar da na kauce mata a rubutuna na farko, kuma ba zan ɓoye maka ba. Filin bayan gidanmu mu muka sayar da shi. Da mahaifinmu ya rasu mu tara ya bari, maza biyar mata huɗu, ga mahaifiyarmu da abokiyar zamanta. Filin ba zai rabu tara ya yi wa kowa amfani ba, biyu daga cikin ƙannena suna jami'a ana neman kuɗin rajista, ɗaya kuma an sa ranar aurenta. Muka zauna a gaban malamin da ya raba mana gado, aka yi wa filin kuɗi, wani ya saya, kowa ya karɓi rabonsa, kuma ni na sa hannu a madadin sauran domin ni ne babba. Mangwaron ma ba baƙo ne ya sare shi ba, ƙanena ne ya sare don ya fitar da shago a jikin katanga, kuma da shagon yake ciyar da 'ya'ya shida.

Na kwana biyu ina juya maganar Hajiya ta Tudun Wada, har na kira ƙanwata da take aure a Funtuwa na tambaye ta abin da ta tuna game da Hayin Dogo. Ba ta ambaci ɗinya ba. Ta ce ta tuna sanyin hunturu a bakin rijiya da yadda igiyar guga take tsaga mata hannu, sannan ta tuna matar maƙwabcinmu mutumin Kagoro wadda ta kwana uku a asibiti tare da mahaifiyarmu lokacin haihuwar autanmu. Da na koma layin a makon jiya, gida biyu kaɗai na samu da suka san sunan mahaifina. Ina jin abin da ya hana ni magana a gaban yaron ke nan, ba rashin bishiyar ba.

Dattijo na Ƙofar Doka ya sake amsawa:

Malam, Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ka gama da duniya lafiya saboda wannan gaskiya da ka faɗa. Malama ta Wusasa kuma na karɓi gyaranki, haka abin yake. Tun da an zo nan, mu ma na cikin birni ba mu da bakin zargin kowa. Gonakin da suke wajen Ƙofar Gayan da Ƙofar Kona na gidajenmu ne, mu muka yanka su fuloti-fuloti. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa suka ɗebi ƙasar gini, waɗanda suke shanye ruwan sama idan damina ta yi ƙarfi, mun cike da yawansu da shara mun yi gini a kai, yanzu ruwan ya rasa wurin zuwa sai ɗakunan mutane. Ganuwar ma da nake alfahari da ita, a wurare da dama an ɗebe ƙasarta an shiga jikinta da gini. Zaurukan da na ce kun rasa, a unguwarmu fiye da rabinsu sun zama shaguna.

Hajiya 'yar Tudun Wada ta ƙara da cewa:

Ni roƙona ga ɗanmu na Dogarawa da tsararrakinsa ne, tunda ku ne kuke sayen filaye yanzu a Shika da Basawa. Idan kun haɗu ku ashirin a sabon layi, ku haɗa kuɗi tun ƙasa tana da araha ku ware fuloti biyu, ɗaya na rijiyar burtsatse ɗaya na wasan yara, ku rubuta shi a gaban mai unguwa da sunan jama'a yadda babu magajin da zai tashi ya sayar. A layin da ɗiyata take zaune a Gyallesu an so yin haka bayan an gama gine wurin, aka nemi ko taku goma ba a samu ba.

Matashi daga Dogarawa ya amsa:

Na ji, Hajiya, kuma zan kai maganar taron layinmu na ƙarshen wata, domin yayana ya sayi fili a hanyar Basawa kuma har yanzu gida shida ne kawai a wurin. Baba na Hayin Dogo, idan za ka sake kawo autanka, ka zo da shi a watan Nuwamba lokacin da ake yankan dawa. Ina da abokin karatu a Bomo wanda gidansu suke noman rani a bakin tafki, kuma akwai ɗinya biyu a gonarsu da ba a taɓa ba. Zan jira ku a Kwangila mu ƙarasa tare, sai dai ku sa takalman da ba ku jin tausayinsu, domin daga bakin titi da ƙafa ake shiga.